Baba Ɗan Juma da Garin Masarar Amirka

Da hantsi Baba Ɗan Juma yake ɗora tukunya a gidan ma'aikata na La Courneuve, a Faransa. Kafin azahar masu dakon dare na kasuwar Rungis sun farka, sun yi layi da kwanoni. Ba ya surutu, ba ya rowar miya. Ƙarshen watan nan zai ajiye muciya, kuma yawancin masu cin tuwonsa ba su san inda ya fara tuƙi ba. To, ku ji.

Mutumin Tasawa ne. Yaƙin duniya na biyu ya kawo shi Faransa cikin kakin soja. Da yaƙi ya ƙare bai koma gida ba, ya samu aikin sauke buhuna a wani gidan marayu a Lyon. A 1947 alkama ta yi ƙaranci. Mutanen Amirka suka aiko da taimako: madarar gari, barguna, da garin masara ruwan ɗorawa. Masu girkin gidan, burodi suka saba yi, shi suka yi da garin. Ya fito da tauri kamar bulo. Yara suka ture, suka ce abincin kaji ne. Ɗakin ajiya cike, yara na ramewa.

Wadda ta fi ramewa wata ƙaramar yarinya ce, Odile. Likita ya ce in ba ta fara ci ba, ba za ta fita hunturu ba.

Ɗan Juma ya sassaƙa muciya daga ƙotar shebur. Ya tankaɗe garin, ya dama kunu da madarar, ya tuƙa tuwo, ya yi miyar ganye da albasa. Bai lallashe ta ba. Zama ya yi a ƙasa gaban gadonta, yana ci da hannu, yana lashe yatsu, ko kallonta bai yi ba. Da kanta ta miƙo hannu. Kafin mako ya zagayo gidan duka na rububin ƙanzo!

Daga bakin Odile muka ji wannan. Ranar Asabar Hajiya Sahadatou mai kayan yaji a unguwar Goutte d'Or ta shirya wa Baba walimar sallama, sai ga Odile da furfurarta ta sauko daga jirgin Lyon, ma'aikaciyar jinya, da 'ya'yanta biyu. Abdourahamane direba ya miƙa mata cokali.

Ta ce masa da Faransanci, "Cokali? Yaro, ba a haife ka ba na fara cin tuwon mutumin nan."

Ta wanke hannu, ta yanko loma. Baba ya leƙa kwanon, ya girgiza kai.

"Ke Odile, har yau lomarki ta tsuntsu ce. Ci mana!"

Ɗaki ya kaure da shewa, har maƙwabta suka leƙo.

Baba Ɗan Juma, Amirkawa sun aiko da gari, sun kyauta. Kai ne ka mai da shi abinci. Kai ne ka lura cewa yarinyar da ta ƙi roƙo za ta bi kwaɗayi. Sarkin muciya, ba lambar yabo a ƙirjinka, amma ga Odile ta tsufa da 'ya'yanta, waɗanda rabonsu na zuwa duniya ya bi ta tukunyarka.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu da lafiya. Mu kuma da muka saura, duk inda kayan agaji suka iso, kada mu tsaya ga sauke buhu. A samu wanda zai zauna a ƙasa har yaron ya miƙo hannu.