Sallamar Malam Inuwa

Duk wanda ya yi aiki da mu a kamfanin fasa dutsen nan na hanyar Paiko ya san Malam Inuwa ba ya shiga ofishinsa sai ya yi sallama. Ofishin babu kowa fa, makullin ma a hannunsa yake. Zai buɗe, ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi sallama, ya karkata kunne. In ya gyaɗa kai, to an amsa. Shi ne shugaban sashen ma'aikata, ni mataimakiyarsa, don haka kullum ni ce a bayansa rungume da fayil, ina jiran mutanen da ba na gani su ba mu izini.

Makon da na kama aiki na kasa haƙuri, na tambaye shi su wa yake gaisarwa. Ya ce kafin a kewaye filin da waya ƙauyen Gbagyi ne a nan, ofishinmu kuma a tsakar gidan wani ya zauna. An tashi masu rai an mayar da su bayan dutse, amma shi bai ji an ce an tashi na ƙarƙashin ƙasa ba.

"Rifkatu, kakana jirgin ƙasa ne ya sauke shi a Minna da buhu ɗaya. Wa kike jin ya fara ba shi ruwa?"

Wasu ranakun sai ya juyo ya ce yau ba su amsa ba, a fitar masa da tebur inuwa. Mu dai mun lura galibi ranakun da babu wuta ne, ofis kamar tanda, muka riƙa cewa ashe masu wurin ma ba sa son zafi. Sai wata Talata, wuta lafiya lau, fanka na juyawa, ya ƙi shiga. Muna cikin tsokanarsa muka ji ƙara. Fankar ce ta tsinko ta dira a kan kujerarsa, ta raba ta biyu. Ya leƙa, ya ce kada a kuskura a sayo sabuwar kujera, akwai wata tsohuwa a ɗakin masu gadi. Daga ranar dariyarmu ta ragu.

Kun tuna tsohuwar kaɗanyar da ke ƙarshen fili, jikin waya. Kaburburan ƙauyen ne a ƙarƙashinta. Wata tsohuwa, Mama Ladi, takan zo ta tsaya ta waje, ta riƙe wayar tana kallo. Mijinta na kwance a wurin, kuma abu ɗaya take roƙo, in ta mutu a sa ta kusa da shi. Manajanmu kuwa, Alhaji Tanko, ya riga ya ware wurin don tifofi su riƙa kwana.

Ana cikin haka hedikwata ta turo wata malama daga Abuja ta koya wa shugabannin sassa yadda ake sulhu da mutanen asalin wuri. Ta zo da majiginta da takardun shaida masu bakin ruwan zinariya. Mace ce mai kirki, ta kuma san aikinta, ba ta dai san Malam Inuwa ba. Shi ya jera kujeru, ya bar ɗaya a gaba babu kowa, da kofin ruwa a gefenta. Da malamar ta nemi wani ya fito ya zama kamar mai ƙasa a gwada ba shi haƙuri, Malam ya ce ai ba sai an yi wasan kwaikwayo ba, ga su nan zaune, a yi magana kawai. Daga baya Injiniya Bulus ya rantse mini ruwan kofin ya ragu. Na ce masa zafi ne ya shanye, amma ni ma ban ƙara kallon kujerar ba.

Ana tashi Malam ya kwashe takardun shaidar ya kulle a durowa, wai ba a sulhu da mutum a bayan idonsa. Ya tasa su gaba, manaja da injiniyoyi da akanta, da takalmansu masu ƙyalli, har bayan dutse. Muka tarar da Mama Ladi da jikokinta sun dawo daga itace, ya ce kowa ya ɗauki dami ya kai mata gida. Alhaji Tanko ya cicciɓi nasa ya ɗora a kan hula. Tsohuwar ta yi dariya har da riƙe ciki, don su Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya.

"Sauke, yaro. Kai ya riga ya ɗauka kaya nasa, tunani. Kar ka ƙara masa."

Malam ya ce wa malamar ta rubuta, wannan shi ne darasi na farko, na biyu kuma a tambayi tsohuwa abin da take so. Aka tambaye ta, ta faɗa. Alhaji ya ce za a duba.

To, kun san "za a duba" ɗin Alhaji. Damina na sauka sai ga labari wai motar gireda za ta zo ta share gindin kaɗanya. Malam bai yi musu da kowa ba. Ya sa aka kai teburinsa can, ya kafa wata laima mai karyayyen ƙarfe, ya ce ofis ya tashi. Mai neman hutu, mai neman sa hannu, sai ka je can, ka cire takalmi, ka yi sallama, ka jira. Tun ana gunaguni har direbobi suka saba. Ruwa ya yi ta dukansa, tari ya kama shi. Raina ya ɓaci, na ce Baba, za ka kashe kanka a kan mutanen da ba yarenku ɗaya ba, ba addininku ɗaya ba. Ya dube ni, ni da ke zuwa coci, ya ce maƙwabci ba sai ya iya Fatiha ba. Tarin nan shi ya zama ajalinsa. Na yi kuka kamar ubana ne, kuma ina kukan ina jin haushinsa.

Bayan sadakar uku gireda ta iso. Audu direba ya sauko, ya cire takalmi yadda ya saba, ya yi sallama, ya jira, sannan ya dawo ya ce wa Alhaji, ranka ya daɗe, ba su amsa ba. Alhaji ya hau faɗa, wai Inuwa yana kabari ma bai daina haukata masa ma'aikata ba. Ya nufi kaɗanyar da kansa, rana tsaka, mu kuwa muka yi cirko-cirko a taga. Teburin na nan inda aka bar shi. Alhaji ya tuɓe takalmi da gatse, ya ɗaga murya ya rangaɗa sallama don kowa ya ji.

Sai muka ga ya karkata kunne.

Ya daɗe a tsaye. Da ya dawo ƙafarsa babu takalmi, bai ma san ya baro su ba. Ya ce gireda ta koma, a kira mai walda ya yanka ƙofa a jikin wayar, ta ɓangaren ƙauye. Na bi shi ofis na tambaye shi a hankali ko an amsa. Bai dube ni ba.

"Na san muryar, Rifkatu."

Da kaka ta zagayo Mama Ladi ta rasu. Ta wannan ƙofar aka shigo da ita, Alhaji Tanko na cikin masu ɗauka, wannan karon a kafaɗa. Sai bayan nan na buɗe durowa na raba musu takardun shaidarsu.

Yanzu ofishin nawa ne. Ina yin sallama kowace safiya, amma ba na karkata kunne, don ba ni da wannan zuciyar. Baba Inuwa, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka taurin kanka. Ƙofar da ka isa, Allah ya sa kana yin sallama aka amsa maka.