Mangalar da Kawu Ya Hana a Kwance

Yau Laraba, bayan sallar La'asar, ina zaune a zaure tare da maƙwabcina, sai hayaƙin masu banda ya taso daga bakin kogi. Ƙaurin nan ya tuna mini da marigayi Kawu, wanda ya koya mini fataucin kifi.

Ƙa'idarsa guda ce: ana cin riba, ba a taɓa uwar kuɗi. A shekarar da kogi bai kawo ruwa ba, jarinmu duka ya koma mangalar banda ɗaya, wadda zai kai kasuwar Kafin Hausa. Gida babu hatsi, ƙaramar 'yata ta rame har ba ta iya kuka. Na durƙusa na ce, "Kawu, a kwance mangalar nan, ko kaɗan a dafa mata."

Bai ɗago ba, yana ƙara ɗaure igiya da hannuwansa da hayaƙi ya rina. Ya ce, "Yau kaɗan, gobe kaɗan. Jibi kuma wa za ku yi wa bauta, kai da ita?"

Ya tafi, ya sayar, ya dawo da gero da jarinsa cikakke. Ya tarar mun binne ta. Ranar bai taɓa abinci ba.

Maƙwabtan da suka cinye jarinsu sun ƙare a gandun wasu. Ni ban taɓa yi wa kowa barantaka ba, amma har yau ban san ko daidai Kawu ya yi ba.

Mai karatu, ka roƙa musu rahamar Allah su biyun, kada ka bar ɗaya.