Kambon da Sharafaddeen Ya Gina a Kwamfuta

Ranar da maƙwabcina Sharafaddeen ya tara dattawan layinmu na unguwar Mayo ta Khartum a rumfarsa don su ji muryar marigayiya Gogo, tasa muryar suka ji. Ya danna kwamfuta da yatsa ɗaya yana hura hanci, sai ga waƙa ta fito, shi da kansa yana rera wa matarsa: "Hajaratu farin wata, Hajaratu mai jabana." Liman ya sunkuyar da kai. Na'urar ta liƙe wuri ɗaya tana "ratu, ratu, ratu" kamar injin ban-ruwa, sannan fuskarta ta yi shuɗi, ta mutu. Hajaratu tana bayan zana tana gasa 'ya'yan kofi, ga jabanarta, butar dafa kofi, a gefe. Ta ce, "Shekara talatin ban taɓa jin waƙar nan ba. Ashe ƙarfe ake yi wa."

Na yi dariya har rawanina ya kwance. Amma dariyar ba ta kai ciki ba, don maganar 'yata aka taru a yi.

'Yar tawa Mawahib a yankin Jazira aka haife ta, a kambo, wato zangon masu tsinkar auduga. Uwarta Tayyiba ta rasu kafin suna, ni kuwa ina Khartum ina ɗaukar bulo. Yarinya ta girma, Rashid mai raksha, keke mai ƙafa uku, ya zo neman aurenta, tana sonsa, ni ma ina sonsa duk da tuƙinsa. Har an sa rana, sai gwaggonsa Sittana ta tuna ta taɓa ganin jaririyar a cinyar marigayiya uwar Rashid. A kambo haka ake: uwa na cikin auduga, wadda ke kusa ta ba ɗa nono. In ta shayar da ita, 'yan'uwa ne, babu aure. Sittana ba mugunta take ba, tsoron Allah ne, tana faɗa tana kuka. Liman ya tambaya wa ya san gaskiya. Kowa ya ce Gogo, ungozomar kambo. Gogo kuwa shekara huɗu ke nan a kabari. Mawahib ta daina cin abinci.

Nan ne aka tuna da mutumin da muke kira Rediyo Mayo.

Sharafaddeen ɗan kambonmu ne, ya girme ni da shekara biyu, kuma bai taɓa bari na manta ba. Da shekara bakwai ya shiga auduga. Da ya zo Mayo ruwa ya sayar a keken jaki, daga baya ya sami gadi a wani kamfanin iri a Soba, ya yi shekara goma sha takwas a bakin ƙofa ɗaya. Da kamfanin ya canza na'urori, aka ba shi tsohuwa, ƙatuwa, mai gurnani. Wani zai sayar. Shi sai ya sa sakatariyar ofis ta koya masa abu ɗaya tak: ɗaukar murya. Duk Juma'a bayan la'asar yakan jawo tsoho ko tsohuwa, ya ba da shayi, ya yi ta tambaya. Daga ina kakanninku suka taso? Wa ya haifi wa? Wa ya sha nonon wa?

Nakan leƙo ta katanga in ce, "Ya zol, mutumina, wa zai saurari wannan?"

Yakan ce, "Alu, jikokinka sun fara amsa maka da Larabci. Gobe wa za su tambaya?"

To ga inda gizo yake saƙa. Sharafaddeen ba ya karanta boko, don haka bai sa wa ko ɗaya suna ba. Kambonmu ya sake ginawa a fuskar kwamfutar. Gefen dama shi ne bakin magudanar ruwa, sama wajen masallaci, ƙasa garken awaki. Duk wanda ya ɗauka, sai ya ja ɗan hotonsa ya ajiye daidai inda bukkarsa take a dā. Gogo tana dama can ƙasa. Ana gobe taron, an ɗauke wuta na'urar tana aiki, da ta dawo duk ta hargitsa su, Sharafaddeen ya tashi a bukkar Gogo.

Washegarin taron ya naɗe kwamfutar a bargo, muka hau hafila, wato bas. Ya ƙi a sa ta ƙasa, a cinya ya rungume ta har muka haye gada. Wata mata ta ce, "Allah ya ba yaron lafiya." Na ce amin, ciwon tsufa ne.

Kasuwar Umdurman muka nufa, bayan layin masu kayan yaji, shagon Injiniya Hala. Iyayenta 'yan Jazira ne, tana jin Hausa, shi kuma ya rantse ba ya barin tsofaffinsa hannun wanda ba zai gaishe su ba. Ta buɗe cikin, ta busa, muka yi atishawa mu uku.

Ta ce, "Baba, Windos bakwai ce, masu ita ma sun daina kula da ita. Faifan ciki kuma yana gab da mutuwa. Sai an sa sabo, a ƙara mata ƙarfi, a ɗora ta goma."

Na ce, "To a wanke ta mana, mu tafi."

Ta kalle ni. "Baba Alu, in na wanke ta yanzu, da Gogo zan wanke."

Na ja kujera na zauna.

Ta ce sai ta kwashe su tukuna zuwa wani faifai, in tsohon ya yarda. Sharafaddeen ya ciro carbi. Mutum ɗari biyu da bakwai ne, ya ce, kuma zai ƙirga su suna hayewa. Ya yi zagaye ɗaya, ya shiga na biyu, sai koren layin ya tsaya cik. Faifan ya fara ƙas-ƙas. Hala ta juya fankarta gaba ɗaya kansa, mu muka zauna cikin zufa. Aka kira azahar. Na yi salla, amma Allah ya yafe mini, hankalina na shago. Da muka dawo layin ya motsa. Ɗari biyu da bakwai, ba wanda ya faɗa ruwa.

Da ta ɗora sabon tsarin, na'urar ta tashi kafin in gama kofin shayi. Sai dai kambo ya rushe. Duk sun jeru layi-layi da lambobi, ba masallaci, ba garke. Fuskar Sharafaddeen ta faɗi. Hala ta ja masa kujera ta ce, "Mu bi su ɗaya-ɗaya."

Kwana uku muna zuwa. A kunna, ya ji tari ɗaya ya ce, "Ibrahimu mai rake," ya ja shi bukkarsa, ita ta rubuta sunan da harafin Larabci, wanda yake iya haɗawa. A kan wasu ya yi dariya, a kan wasu ya share ido da hannun jallabiya. A rana ta uku muka ji muryar Gogo, "Kai Sharafu, shayin nan ba sukari."

Aka sake taruwa a rumfa. Gogo ta bi 'ya'yan kambo gida-gida har ta iso kanmu: "'Yar Tayyiba kuwa, uwar Rashid ta yi ta ɗora ta, ta ƙi kamawa ko sau ɗaya. Taurin kai irin na ubanta. Da nonon akuyar uwarka, Sharafu, na raine ta, da cokali." Liman ya sa aka maimaita sau uku. Sittana ce ta fara guɗa. Mawahib ta cinye kwanon asida ita kaɗai.

Ni ba na iya godiya da baki, nauyi take mini. Amma na sani, da mutumin nan ya ji maganata ya bar tsofaffi suka huta, da 'yata na nan tana ramewa. Ranar ɗaurin aure na kai masa cinyar rago da hannuna. Sai bakina ya riga ni, a gaban jama'a na ce, "Rediyo Mayo, ba za a ɗan taɓa mana Hajaratu farin wata ba?"

Ya ajiye naman, ya goge hannu a hankali.

Ya ce, "Tawa minti biyu ce, Alu. Kai Gogo ta yi minti arba'in a kanka, tun daga ranar da jaki ya kore ka ba wando. Kuma yanzu na'urar ba ta tsayawa. In kunna?"