Inna da kofin gahawa

Shekarar da Inna ta zo aikin Hajji, saura kaɗan in taka rawa a tsakiyar titin Rusaifa. Tun da aure ya kawo ni Makka nake roƙon Allah ya nuna min mahaifiyata a ƙofar gidana, sai ga ta, da daddawa da kukar da za ta ishi unguwa guda.

Ana cikin murna zuciyarta ta fara bugawa kamar ana dakan fura. Hannunta na rawa, barci ya ƙaura. Maigidana ya ce in abin bai lafa ba babu inda za ta, Arfa ba wajen wasa ba ne. Inna ta ce ko a makara sai an kai ta.

Na ja ta asibitin unguwa, wajen nas ɗin da ke duba gidanmu kaf, daga jarirai har tsofaffi. Haifaffiyar unguwar Jarwal ce a nan Makka, Hausarta rabi Larabci, ga tambayar tsiya. Ta auna jini, ta sa aka yi gwajin zuciya, komai lafiya lau. Maimakon ta sallame mu sai ta jawo kujera.

"Ya Hajja, ba ni labarin wuninki, tun daga asuba."

Abin nema ya samu! Inna ta gyara zama ta kwararo labari. Ashe ina fita aiki take shiga maƙwabta gaisuwa, gida-gida, ba ta jin Larabci, ba su jin Hausa, amma hira har azahar. Ta ce mutanen kirki ne, ko'ina ta shiga sai an ba ta gahawa a wani ɗan mitsitsin kofi.

"Kofi nawa kike sha?" in ji nas.

"Yo ina na sani, 'yar nan? Ina shanyewa a ƙara min. In ce a'a a gidan mutane? Ba haka aka rene ni ba."

"Kina girgiza kofin?"

"In girgiza shi ya yi min me?"

Wayyo Allah cikina! Ni da nas muka yi ta dariya har da hawaye, Inna na harararmu. A nan garin, muddin ba ka girgiza kofi ba, mai gida ba zai daina zubawa ba. Ita tana kunyar ƙin karɓa, su suna kunyar dainawa, haka suka yi ta ɗura wa baiwar Allah gahawa har zuciyarta ta rikice.

Na ce to an soke yawon maƙwabta. Nas ta ce la, la, wato a'a, ziyarar ita ma magani ce, tsohuwa ba ta zama ita kaɗai. Kofi biyu, a girgiza, halas, shi ke nan. A sha ruwa da yawa, a riƙa ɗan tattaki da safe ƙafa ta saba kafin Mina. Ta miƙa wa Inna kofin shan magani ta ce ta gwada. Inna ta girgiza shi da ƙarfi har ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin gado.

Kafin mako ya zagayo tana barci har da minshari.

Ranar Arfa, rana ta take, mutane ko'ina fari fat. Tsoro bai gama sakina ba, na lallaɓa na kama tsintsiyar hannunta ina jin bugun. Yana tafiya a hankali, daidai. Ta juyo, fuskarta sharkaf da hawaye.

"Ke, sakar min hannu," ta ce. "Addu'a zan yi."