Dogo Mai Fenti da Gwangwanaye Uku

"Na ukun fa, Yaya! Ki bar shanyar nan ki zo ki buɗe na ukun!" Dogo mai fenti ne ke ɗaga murya daga bakin ƙofa, yayarsa tana can ƙarshen tsakar gida da kwandon wanki.

Shekara goma sha tara Dogo yana shafa fenti a gidajen mutane. Fentin mai ya cinye masa hanci tas, ko tukunya ta ƙone a gabansa sai dai ya ga hayaƙi. Abin bai taɓa damunsa ba sai da matarsa ta haifi bakwaini. Nas ta ce ƙirjin yaron bai yi ƙwari ba, kada a kai shi ɗaki mai danshi ko mai warin fenti. Ga shi damina ta bar baƙin tabo a bangon ɗakinsu, dole a kankare a shafa sabo. Surukarsa ta ce in ɗakin bai yi mata ba, daga asibiti sai gidanta da mai jego da jariri, tafiyar yini guda a mota.

Mai shagon fenti ya rantse fentin ruwansa duk ba ya wari. Dogo ya ce, "Bara ma haka ka rantse." Ya karɓo iri uku kaɗan-kaɗan, ya shafa a cikin gwangwanayen madara, ya rufe su kwana biyu, ya kawo wa Yaya ta ara masa hanci.

Na farko ta yi atishawa. Na biyu ta ce, "Kai Dogo, wannan ko ɓera sai ya yi ƙaura." Na ukun ta shinshina, ta sake, ta leƙa ciki. "Ka tabbata ka shafa wani abu a nan?"

Shi ya saya. Ya yi shafi biyu, ya bar taga a buɗe da fanka kwana biyar. Kullum Yaya sai ta shiga ta ja iska ta ce lafiya lau. Dogo ya ce hancin 'yar'uwa akwai kara, na surukar yake jira.

Ranar sallama daga asibiti yana kan tsani a gidan wani, wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Mama ta shiga, har bayan ƙofa sai da ta shinshina."

"To?"

"Ta ce direba ya sauke kaya. Ka taho da gidan sauro, ɗanka yana kan gado."