Abin da Ya Hau a Jinin Inna

"Kai ka ce jinin ya hau, ko ba kai ka ce ba?" Baba ya sake tambayata. Yana tsaye a tsakar gida da lauje a hannu, daga gona yake, ko ruwa bai sha ba.

Na ce ni na ce, amma ba haka nake nufi ba.

"To me kake nufi? Jini ya hau, ai hawan jini ke nan. Ni ma ina da shi, liman yana da shi, ga mu nan muna nomanmu."

Goggo, yayar Baba, ta ɗaga hannu sama tana alhamdu lillahi. Wayata kuma tana ta ruri a aljihu. Na san mai kira. Abokina ne a Legas, wanda ya samo mini keken haya a wurin ubangidansa, kuma ubangidan ya gaji da jira.

Dawowarmu ke nan daga asibiti a Kano, ni da Inna. Tun bara take fama. Cikinta ne ya fara tasowa, matan unguwarmu a Toranke suna tsokanarta wai za a yi mini ƙane, ni Auta, bayan tsufa. Tana dariya da su har ranar da ta kasa sunkuyawa ta yi ruku'u. A Gaya suka ce abin ya fi ƙarfinsu. A Kano aka yi mata aiki, aka ce ciwon daji ne na gidan ƙwai. Baba bai taɓa kiran sunan nan da bakinsa ba, sai dai ya ce "larurar nan". Aka yi ta ƙara mata ruwan maganin dajin, wato kemo, har gashinta ya zube.

Ni ke kai ta, don ni kaɗai ne namiji, kuma wai ni ne mai boko. Bokon nawa a aji biyu na ƙaramar sakandare ya tsaya. Ba korata aka yi ba, zaman ne ba na iyawa. Na shiga ɗinki na fita, na shiga faci na fita, acaɓa ce kawai ta ɗan riƙe ni saboda ita ana tafiya. Sai ga ni a kan bencin asibiti tun safe har la'asar, ƙafata tana rawa ita kaɗai.

Duk zuwa sai an ɗebi jinin Inna. Akwai wani abu da suke aunawa a ciki, CA-125 suke ce masa. Likitar Inna, wata mace marar hayaniya, ta ce ciwon ne yake sako shi cikin jini. Da aka fara kemo ya sauka, ta ce alama ce mai kyau. Wannan karon ta dubi kwamfuta ta daɗe, sannan ta ce ya hau.

Na bar Inna a benci na bi likitar har baranda. Na ce, "Likita, ki gaya mini tsakani da Allah. Lambar nan tana nuna nawa ya rage?"

Ta ce, "Ba ta nunawa."

"To amfanin me kuke ta zuƙe mata jini?"

Ba ta ji haushi ba. Ta ce idan ta hau, wani lokacin ciwon ne yake dawowa, wani lokacin kuma wani abu ne daban. Ta ce ta ga mata biyu da lamba kusan ɗaya, ɗaya ta daɗe, ɗaya ba ta daɗe ba. Ta ce har yanzu likitoci suna bincike a kan wace alama ce a jini ko a naman ciwon ta fi faɗin gaskiya game da daɗewar mai ciwo, ba a gama ba. Sai dai a sake gwaji, a yi hoton ciki.

Ni lokaci nake so ta yanka mini. In gajere ne in zauna hankalina kwance, in dogo ne in tafi in dawo. Ba ta ba ni ko ɗaya ba.

Da muka iso gida, abin da na faɗa shi ne, "Abin da ke cikin jinin ya hau." Kafin in rufe baki Goggo ta riga ta kai shi hawan jini.

Na ce, "Baba, ciwon ne ake tsoron ya dawo."

"Likita ta ce ya dawo?"

"Ba ta ce ba."

"Ta ce bai dawo ba?"

"Shi ma ba ta ce ba."

"To kai wane likita ne da za ka ce?" Ya rataye laujen a jikin rumbu. "Shekara guda kana cika mana kunne da Legas. Ga shi Allah ya sassauta. Ka tafi, na yarda."

Maganar da na daɗe ina roƙo ke nan. Ga ta an miƙo mini, amma a kan kuskuren ji.

Goggo kuwa ta karɓi girki. Ta ɗauke gishiri da magi ta kulle a ɗakinta. Zoɓo ba sukari safe da yamma, tafarnuwa a miya, tafarnuwa a kunu. Maƙwabta suna shigowa barka, kowa da dabararsa ta hawan jini. Wata har daga Gafasa ta aiko da ganyen zogale. Rabon da in ji dariya irin ta kwanakin nan a gidanmu tun kafin a yi aikin. Duk wanda na fara yi wa bayani sai ya ce, "Kai dai ba ka da tawakkali."

Na sa data na rubuta sunan gwajin a waya. Turanci ya zubo, da zane-zanen layuka masu gangarawa ƙasa. Kalmomin da na gane ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Na kashe.

Abokina ya kira ya ce akwai direban tirela da ke lodin wake a Gaya, zai ɗauke ni kyauta. "Malam, ka taso kawai! Ko sai an aiko maka da jirgi? Wani yaro ɗan garin Balan yana nan yana lasar baki a kan keken nan."

Ana gobe motar za ta tashi, da rana, na samu Inna a rumfa tana ɓarar gyaɗa a hankali, kwanon tuwo a gefenta ba ta taɓa ba. Goggo ta tafi gidan suna.

"Auta, je ka kanti ka samo mini gishiri. Ka sa a aljihu, kar tsohuwar nan ta gani."

"Inna, an hana ki."

"Wa ya hana ni? Likita, ko Goggonka da ko allura ba ta iya kallo?"

Na je na samo. Ta barbaɗa, ta ci loma uku, ta ture kwanon.

"Ni ban san hawan jini ba?" ta ce. "Babanka yana da shi, ban taɓa ganin zanensa ya ƙi ɗauruwa ba. Kalli nan." Ta nuna mini inda take ɗaure zani yanzu, sama da inda take ɗaurewa da, don cikin ya fara sake tasowa. "Na ga lokacin da ka bi likita baranda. Me ta ce?"

"Ta ce ba ta sani ba."

"To ta yi gaskiya. Ka bar su da zoɓonsu, sun samu abin yi." Ta fasa gyaɗa guda. "Kai kuma ka tafi. Zamanka ba zai saukar da shi ba. Kullum kana zagaya gidan nan kamar akuyar da aka ɗaure, ni kallonka ma gajiyar da ni yake."

"Wa zai kai ki Kano?"

"Babanka."

"Inna, Baba ko ƙofar ɗakin gwaji bai sani ba. In likita ta yi magana ma, abin da yake so zai ji."

"Ai kai ma da ba ka sani ba."

Ta sa ni na tsince ɓawon gyaɗar.

Washegari na saka kayana a jakar leda, wani ya kai ni Gaya a babur. Tirelar tana nan, an gama lodi, yaran mota suna jan igiyar tampol. Direban ya ce in hau sama in samu wuri. Na jefa jakar, na kama ƙarfe, na hau. Daga can sama ina hango titin Wudil ya miƙe, wanda muke bi duk zuwa asibiti, Inna tana dafe da ciki a kowane rami. Gwajin da za a sake sati mai zuwa ne. In ya sauka, na yi asarar keken a banza. In ya ƙara hawa, Baba ne zai dawo gida da labarin, kuma na san yadda zai faɗe shi.

Direba ya tayar da mota. Na jawo jakata na diro.

"Kai, ɗan samari, wasa kake da mutane?" in ji yaron mota. Ban juya ba.

Na zauna a bencin mai shayi har ƙarar motar ta ɓace, ƙafata tana rawa. Abokina ya kira sau biyu, ban ɗauka ba. Sai na rubuta masa:

"Mutumina, ban hau ba. Ka ba ɗan Balan ɗin keken, ka ba oga haƙuri. Jikin Inna ne. Kar ka kira Baba ka tambaye shi, zai ce maka da sauƙi. In wani keken ya fito ka dai riƙa gaya mini."