Ranar da Na Raka Ta Neman Gafara

A ajinmu na lakwal, wato makarantar boko, a Malanville, akwai wata yarinya, 'yar wani mai sayar da albasa daga Gaya, wadda ta fi kowa tsayi, ta kuma fi kowa mugunta. In ta miƙo hannu lokacin hutu, ƙosanka ya zama nata. Ni kuwa ƙarama ce, ga tsiwa, saboda haka na fi kowa shan ranƙwashi. Duk ɓarnar da aka yi a unguwa ita ake cewa, kuma yawanci an faɗi daidai. Sau ɗaya ne aka yi kuskure, laifin kuwa nawa ne. Ni na bar ƙyauren wata tsohuwa mai tallar nono a buɗe, ɗan akuyarta ɗaya tilo ya fita titi, babbar mota ta take shi. Aka ce 'yar mai albasa ce. Ta yi ta rantsuwa, ba wanda ya yarda, ni kuma na ja bakina na yi gum.

Ana cikin azumi ta faɗo daga kabu-kabu a hanyar gada, kanta ya bugi kwalta. Ta fito daga asibiti ba ta tuna kowa, har uwarta sai da aka nuna mata. Ranar da ta dawo aji, mushe, wato malaminmu, ya zaunar da ita kusa da ni. Ta dube ni ta ce, "Sannu. Mi as sunanki?"

Saura kaɗan in faɗo daga benci! Kafin a tashi labari ya zaga lakwal, yara na leƙe ta taga suna ture juna. Wani ya wuce ta gabanta da ƙosai a tafin hannu, a hankali, don gwaji. Ta ce ya ci lafiya. Muka ɓarke da ihu har mushe ya ɗauko bulala.

Amma ba wawuya ba ce, ta lura ƙanana na ɓoye abinci in ta doso. Ranar jajibiri ta tare ni ta ce, "Gobe in an sauko Idi kowa na neman gahwara. Ni ban san mi niy yi ba, balle wa za ni roƙo. Ki raka ni, ki riƙa hwaɗa min."

Ni? Ni zan karanta mata laifinta gida-gida? Ranar ko lallen ƙafata bai kama ba saboda tsalle.

A garinmu, in an sauko Idi, ka shiga gida ka durƙusa ka ce a yafe maka, a ce an yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ba a ambaton laifi. Mu muka zo da sabon salo. In mun shiga sai in tsaya tsakar gida in ɗaga murya: "Nan kinka tsinke ma ɗiyarsu kitso!" Ta durƙusa. "Nan kinka jehwa takalmin ɗansu cikin rijiya!" Ta durƙusa. Wata uwa ba ta taɓa sanin wanda ya yaga rigar 'yarta ba sai ranar. Ta rarumo muciya, muka fito a guje, ni ina dariya har da hawaye. Kafin azahar yara sun fi ashirin a bayanmu, kowa na tuna mini nasa. Ban taɓa jin daɗin Sallah irin na ranar ba.

Sai wani yaro ya ce, "Saura gidan tsohuwa mai nono!"

Na ja na tsaya. Na ce rana ta yi, na ce tsohuwar ba ta nan, amma ina, ayari ya riga ya juya. Muka same ta zaune kan tabarma tana wanke ƙwarya. 'Yar mai albasa ta durƙusa, ta waigo ta ce, "Nan hwa? Mi niy yi?"

Kowa na jirana. Gaskiyar na bakina, amma tsoro ya fi ƙarfina. Na ce, "Ke kinka buɗe ƙyaure, mota ta kashe ɗan akuyatta."

A duk gidajen da muka bi ba ta yi kuka ba sai nan. Ta kama ƙafar tsohuwar tana cewa, "Inna, ki yahe min." Tsohuwar ta shafa tabon da ke kan yarinyar, ta ce, "Tashi, ɗiyata, ya wuce."

A hanyar gida 'yar mai albasa ta riƙe hannuna, ta ce ba ta da ƙawa kamata. Ta ciro alewar da aka ba ta ta raba biyu, ta miƙo mini babban ɓarin. Na karɓa, na shanye. Da damina ta faɗi, 'ya'yan tsohuwar suka ɗauke ta zuwa ƙauyen Toumboutou, can ta rasu. Ni kaɗai ce a unguwarmu ban durƙusa gabanta ba.